Yadda ake shirya tafiyar iyali daga Accra zuwa Disney da makamantansa ba tare da tikiti ya ƙone ba

A da, wanda ya samu bizar Amurka ko ta Faransa zai kwashi yaransa, su isa bakin ƙofar Disney, wato katafaren wurin wasannin nan, ya ciro kuɗi ya sayi tikiti su shige. Wannan zamanin ya wuce. Yanzu tikiti ya zama abu mai rana, mai suna, kuma tun da korona ta sa aka rufe wuraren nan a watan Maris na 2020, aka dawo aka buɗe su da ƙayyade yawan masu shiga, a wasu wuraren ma sai ka haɗa shi da gurbin ranar shiga da ka kama tun kana gida. Dokokin kuma ba sa zama wuri ɗaya. Abin da maƙwabcinka ya tarar bara ba lallai shi za ka tarar bana ba.

Aikina a nan unguwar Nima ta Accra shi ne haɗa wa mutane tafiya. Yawanci Umara ce da tikitin 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Guangzhou, amma duk dogon hutun makaranta da duk Disamba sai an samu Alhaji ko Hajiyar da yara suka hana barci sai an kai su wurin wasa. Abin da nake gaya musu shi zan rubuta a nan. Ginshiƙinsa kuwa shi ne jerin da kake biyan kuɗi: abin da ake iya sokewa a dawo maka da kuɗinka shi ake fara kamawa, abin da ba ya dawowa shi ne na ƙarshe.

Kayan da za ka tanada

Fasfo na kowane mutum, har jaririn goye. Ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar da za ku dawo, da shafukan da ba a buga komai a kai ba. Idan na wani ya kusa mutuwa, daga ofishin fasfo za ka fara.

Takardar haihuwar kowane yaro. Idan yaro zai bi ubansa ba tare da uwarsa ba, ko zai bi gwaggonsa ko abokiyar zaman uwarsa, a rubuta takardar amincewar iyaye, lauya ya buga mata hatimi. A Zango yaro ɗan kowa ne, amma jami'in shige da fice bai san wannan ba.

Katin banki na Visa ko Mastercard. MoMo, wato kuɗin waya, ba ya aiki a shafukan sayen tikitin. Je bankinka da ƙafarka, ka ce a buɗe maka katin don sayayyar ƙasar waje ta intanet, ka kuma tambayi iyakar abin da za ka iya kashewa a yini ɗaya. Layin wayar da banki ke turo lambar sirri ya kasance a hannunka, ba a hannun yaron shago ba.

Adireshin imel guda ɗaya da za a yi komai da shi, wanda ka san kalmar sirrinsa. Waya mai isasshen wuri don manhajoji, da fawa banki. Katin rigakafin shawara. Kalanda ta takarda da biro. Sai tef ɗin awo irin na tela. Za ka ga amfaninsa a gaba.

1. Zaɓi wurin da bizarsa za ta yiwu

Yara Disney kawai suka sani, amma Disney ba ɗaya ba ne, kuma tikitin wannan ba ya shiga wancan.

Walt Disney World yana kusa da Orlando a jihar Fulorida. Wurare huɗu ne a cikinsa: Magic Kingdom da aka buɗe a 1971, EPCOT a 1982, Hollywood Studios a 1989, da Animal Kingdom a 1998. Disneyland kuwa, na asali da aka buɗe a 1955, yana Anaheim a Kalifoniya, can ɗaya ɓangaren Amurka, tafiyar wajen awa biyar a jirgi daga Orlando. Sunayen sun yi kama, kuma mutane na sayen tikitin ɗaya alhali jirginsu ɗayan zai sauka. Karanta sunan garin kafin ka danna biya.

A Orlando ɗin dai akwai Universal, kamfani ne daban da tikitinsa daban: Universal Studios, Islands of Adventure, wurin wasan ruwa na Volcano Bay, da sabon Epic Universe da aka buɗe ranar 22 ga Mayu 2025.

Disneyland Paris, wanda aka buɗe a 1992, yana Marne-la-Vallée a gabashin Paris. Wurare biyu ne maƙwabtan juna, kwana biyu ko uku sun isa. Air France na tashi daga Accra zuwa Paris, jirgin ƙasa na RER A kuma yana sauke ka dab da ƙofa.

Ga iyalin da wannan ce fitarsu ta farko, ni Dubai da Abu Dhabi nake fara nuna musu. Emirates na tashi kai tsaye daga Accra, wajen awa takwas. Biza ta hannun kamfanin jirgi ko otal ko ejan ake yin ta, ba ganawa da jami'i. Abinci halal ne, ɗakin sallah kuma yana nan. A Dubai akwai Motiongate da Legoland da IMG Worlds of Adventure. A tsibirin Yas na Abu Dhabi akwai Ferrari World da Warner Bros. World da SeaWorld. Disney ma ya sanar a watan Mayu na 2025 cewa zai gina nasa a Yas, amma wannan sanarwa ce tukuna, kada wani ya sayar maka da tikitinsa. Matsalar can zafi ce: a Yuli da Agusta yana wuce digiri 40, sai ka zaɓi waɗanda ke cikin rufi.

'Yan kasuwarmu masu bizar Sin kan so su leƙa Shanghai Disneyland. Tun Disamban 2024 tikitin can da suna da lambar takardar shaida ake sayar da shi, kuma ainihin fasfon da ka yi rijista da shi za ka nuna a ƙofa.

2. Biza kafin komai

Nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa. Mutum ya ga rangwame, zuciya ta ɗebe shi ya sayi tikitin mutum shida, sannan ya je neman biza.

Ta Amurka, bizar ziyara ce da ake kira B1/B2. Ana cike fom ɗin DS-160 ga kowane mutum, kuɗinta dala 185 kowane kai har jariri, kuma ba a mayarwa ko an hana ka. Mutum shida ke nan dala 1,110 tun ba a je ko'ina ba. Ganawa a ofishin jakadanci ake yi a Cantonments cikin Accra, samun rana kuma kan ɗauki watanni, don haka mai son tafiya a Agusta ba a Yuni zai fara ba. Tun Satumban 2025 an taƙaita sassaucin da ake yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 14, saboda haka ka sa a ranka da su za ka je. Mutanen Kumasi su lissafa kuɗin mota ko jirgi da kwanan Accra a ciki.

Ka ga yadda abu ke juyawa: a Yulin 2025 Amurka ta rage bizar 'yan Ghana zuwa wata uku, shiga ɗaya, sannan a Satumba ta mayar da ita shekara biyar. Wanda aka buga wa ta wata uku a tsakanin nan, ita ce a fasfonsa. Don haka idan fasfo ya dawo, buɗe shi ka karanta ranar ƙarewa da adadin shiga, na kowa ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ɗauka abin da aka ba ka shi aka ba uwargida.

Ta Faransa bizar Schengen ce, daga shafin France-Visas ake farawa. Tun Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, na ƙasa da shida kyauta. Ana iya nema tun saura wata shida. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki da ta jirgi. Wannan ba ya nufin ka biya kuɗin da ba ya dawowa. Kama otal mai yarda a soke kyauta, ka sa ejan ya riƙe maka kujerun jirgi ba tare da an fitar da tikiti ba. Sau da yawa bizar da za a ba ka daidai kwanakin da ka rubuta take, da ɗan ƙari kaɗan, don haka ka rubuta kwanakin da ka riga ka duba a mataki na gaba.

3. Karanta kalandar wurin kafin ka taɓa tikitin jirgi

Shimfiɗa kalandarka ta takarda. Buɗe shafin wurin da ka zaɓa, ka je inda ake sayar da tikiti, ka yi kamar za ka saya har kalandar farashi ta fito. Ba sai ka biya ba. Kwafe abu uku a kowace rana ta makonnin da kake hange: farashi, lokacin buɗewa da rufewa, da ko ranar ta cika.

Disney World tun Oktoban 2018 yake sa farashi bisa rana, tun Disamban 2022 kuma tikitin yini ɗaya ya bambanta daga wuri zuwa wuri, Magic Kingdom ne mafi tsada. A 2025 tikitin yini ɗaya ya kama daga dala 119 zuwa 199. Mafi arha a ƙarshen Agusta da Satumba ake samunsa, lokacin da yaran Amurka suka koma makaranta, wanda ya ɗan dace da wutsiyar dogon hutunmu. Mafi tsada da cunkoso shi ne makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, kuma abin haushi shi ne makon da mutanenmu suka fi so. Idan dole sai Disamba, makonni biyun farko sun fi dama.

Ga wani tarko da ba ya fitowa a kalandar farashi. Daga Agusta zuwa Disamba, a wasu darare Magic Kingdom na sallamar masu tikitin yini da ƙarfe shida na yamma, saboda bikin dare mai tikitinsa daban. Wanda ya faɗa irin wannan rana ya biya cikakken kuɗi amma ba zai ga wasan wutar dare ba, wanda shi ne abin da yara suka fi gani a bidiyo. Duba lokacin rufewa, ka sa wa ranakun nan alama da jan biro.

Disneyland Paris tun Nuwamban 2024 farashinsa ke motsi kamar na jirgi, gwargwadon yawan masu nema, har rana ɗaya tana iya tashi tsakanin yau da gobe. Hutun makarantun Faransa na Yuli da Agusta, da na ƙarshen Oktoba, da na Kirsimeti, su ne na cunkoso. A Dubai ka lura da azumi, don lokutan buɗewa kan sauya, ranakun Sallah kuma ba masaka tsinke.

Sai yanayi. Daminar guguwa a Fulorida daga 1 ga Yuni ce zuwa 30 ga Nuwamba, kuma a Yuli da Agusta kusan kowace yamma sai an yi ruwa da tsawa, a tsayar da lilon da ke waje. Wannan ba dalilin fasawa ba ne, dalilin barin kwana ɗaya ne babu komai a cikin jadawalinka.

4. San irin tikitin da ke gabanka

Wanda ya yi Umara a 'yan shekarun nan ya san biza ba ta shigar da kai Rauda, sai ka kama lokaci a manhajar Nusuk. Haka tikiti da gurbi suke a wasu wuraren: abu biyu ne daban, kuma na biyun yana iya ƙarewa ko kana riƙe da na farkon.

A Disney World an kawo kama gurbi a Yulin 2020. Daga 9 ga Janairu 2024 aka cire shi ga masu tikiti mai rana, wato irin wanda mu baƙi muke saye. Amma masu katin shekara da wasu tikitocin rangwame har yanzu sai sun kama. A Disneyland na Kalifoniya ba a cire shi a lokacin ba: tikiti da gurbi tare ake nema, na kowace rana. A Paris tikiti mai rana shi ne gurbinka. Marar rana kuwa sai ka koma shafinsu ka yi masa rijistar rana, idan ranar ta cika shi ke nan. Kada kuma ka je can da niyyar saye a bakin ƙofa, ta intanet ake saye.

Tikitin kwanaki da yawa na Disney World yana da wa'adi daga ranar farko da ka zaɓa. Na kwana 3 a cikin kwana 5 za ka cinye shi, na kwana 4 a cikin 7, na kwana 5 a cikin 8, na kwana 10 a cikin 14. Mai shirin ya shiga kwana biyu, ya tafi Bronx a New York gaida 'yan'uwa mako guda, ya dawo ya ƙarasa, zai tarar sauran sun mutu. Yawan kwanaki kuma yana rage kuɗin kowace rana sosai, shi ya sa tikitin yini ɗaya sau uku asara ce.

Akwai ƙarin da ake kira Park Hopper, mai ba ka damar shiga wuri fiye da ɗaya a yini. Da ƙananan yara ban ga amfaninsa ba. Wuri ɗaya ma ba ku gama shi. A Universal kuwa, jirgin ƙasan da ke haɗa tsofaffin wurarensu biyu sai mai tikitin Park-to-Park, wato na shiga wuri fiye da ɗaya a yini, yake hawa. Epic Universe kuma, tikitocin kwanaki da yawa da aka fara sayarwa a 2025 yini ɗaya tak suka ba mutum a cikinsa. Idan don shi za ku je, karanta ƙananan rubutun ka ga kwana nawa ne naka.

Shekarun yara: ƙasa da uku kyauta ne. A Disney World kuɗin yaro daga 3 ne zuwa 9, ɗan shekara goma kuɗin babba zai biya. A Paris daga 3 zuwa 11.

Yanzu ɗauko tef ɗin tela. Tsayar da kowane yaro jikin bango da takalmin da zai saka, ɗora littafi a kansa, ja layi da fensir, auna daga ƙasa. Manyan lilo da tsayi ake hawa, ba da shekaru ba; Space Mountain na Magic Kingdom, misali, santimita 112 yake nema. A bakin layi akwai sanda, yaro zai tsaya a ƙarƙashinta, idan kansa bai taɓa ba babu roƙo babu "don Allah". Idan yawancin yaranka ba su kai mita ɗaya ba, Legoland ko Magic Kingdom ya fi muku Universal, ko ma a jira shekara ɗaya.

5. Jerin biya

Biza ta fito, ka karanta ta. Yanzu otal mai sokewa kyauta, idan ba ka riga ka kama ba. Sai ka sake buɗe kalandar wurin ka tabbatar ranakunka na nan. Sai jirgi. Sai tikitin shiga, a zama ɗaya da na jirgin, kada ka bar mako a tsakani.

Babu jirgi kai tsaye daga Accra zuwa Orlando. Delta na zuwa New York, United na zuwa Washington, daga nan ka canza. A filin da ka fara sauka ake duba fasfo, ka ɗauki kayanka ka sake miƙa su, don haka da yara kada ka yarda da tazarar da ba ta kai awa uku zuwa huɗu ba. Kada kuma ka sa ranar farko ta tikiti washegarin sauka. Bar yini guda: jirgi na iya latti, akwati na iya maƙalewa, yara kuma agogon jikinsu na Accra ne.

6. Inda ake saye, da inda ba a saye

Shafin kamfanin da kansa, ko dillalin da kamfanin ya amince da shi. Idan ejan ne zai saya maka, har da ni, ka ce a tura takardar tabbaci ta asali zuwa imel ɗinka, mai lambar da za ka iya shigarwa a manhaja da hannunka.

Wata Hajiya daga unguwar Madina ta nan Accra ta taɓa shigowa ofis da hotunan tikiti biyar a WhatsApp, wani ya sayar mata rabin farashi, ta tura masa ta MoMo. Hotunan sun yi kyau, har da tambari. Muka zauna muka shigar da lambar farko a manhaja, ta ce an riga an haɗa wannan tikiti da asusun wani. Ta biyu haka. Ta kira lambar mutumin a gabana, a kashe. Ragowar tikitin wasu ne. A Fulorida doka ta hana sayar da tikitin kwanaki da aka fara amfani da shi, a ƙofar Disney World kuma ana ɗaukar yatsa a ranar farko, tikitin ya zama na mai yatsan.

Tarko na biyu daga 'yan'uwa yake zuwa, da kyakkyawar niyya. Ɗan'uwa a Amurka ya ce bari ya saya muku na mazauna Fulorida, ya fi arha. Za a nemi shaidar zama a jihar daga kowane babba, ba ku da ita, sai ku cika kuɗi a farashin ranar. Haka tikitin kwana 14 da ake sayar wa mutanen Ingila, don mazauna can aka yi shi.

Farashin da ka gani a shafin Amurka ba shi ne na ƙarshe ba, a Orlando ana ƙara harajin kashi 6.5 cikin ɗari. Mu ɗauka tikiti dala 150 ne, mutum shida dala 900, haraji ya kai shi wajen 958. Bankinka kuma da nasa canjin zai cire sidi, ba da na 'yan canjin Tudu ba, don haka ka bar rara a asusu.

Idan katin ya ƙi, kada ka yi ta dannawa, banki zai toshe shi. Kira su, ko ka raba sayayyar gida biyu idan iyakar yini ce ta hana. Idan duk ya ƙi, ɗan'uwa amintacce a waje ya biya da katinsa, amma a cikin asusunka, da imel ɗinka, tikitin baƙi na kowa da kowa.

7. Haɗa komai a manhaja tun kana gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sauke manhajar wurin, My Disney Experience ga na Orlando, Disneyland Paris ga na Faransa. Buɗe asusu ɗaya, ka shigar da kowa da sunansa kamar yadda yake a fasfo, ka ba kowa tikitinsa. Lura da wannan wurin, don a gida ɗaya ana samun Muhammad uku. Sa sunan tsakiya, kuma kada tikitin yaro ya faɗa kan babba. Idan wurin na neman gurbi, kama shi a wannan zaman, na kowace rana, na kowane mutum, ka ƙirga sunayen da suka fito.

Idan manhajar ba ta fito a wayarka ba saboda da Ghana aka yi mata rijista, yi aikin a shafin intanet da kwamfuta, ka sake gwada manhajar bayan kun sauka. Ko ta yaya, buga takardun tabbaci a takarda, ka kuma ɗauki hotonsu a waya biyu.

8. Layin gaggawa da lissafin agogo

Tsallake layi da can kyauta ne a Disney World, da sunan FastPass. A Oktoban 2021 aka mayar da shi na kuɗi da sunan Genie+, ranar 24 ga Yuli 2024 kuma aka sake masa fasali ya zama Lightning Lane. Duk bidiyon da ke koya maka FastPass ko Genie+ ya tsufa, wuce shi.

Yadda yake: Multi Pass na ba ka damar kama lilo uku tun kafin ranar, idan ka hau na farko sai ka ƙara wani. Single Pass na manyan lilo ne ɗaya ɗaya, kowanne da kuɗinsa. Mai kwana a otal ɗin Disney yana fara kamawa saura kwana 7, sauran mutane saura kwana 3, da ƙarfe bakwai na safe agogon Orlando. A agogonmu ƙarfe 11 na safe ke nan daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, 12 na rana a sauran watanni. Lokutan lilon da ake rububi cikin mintuna suke ƙarewa, saboda haka ka zauna da wayarka da jerin abin da kake so kafin lokacin ya buga.

Da aka fara tsarin a 2024, wanda wayarsa ke wajen Amurka da Kanada ba ya iya saye sai ya sauka a Amurka, abin da ya ɓata wa baƙi rai ƙwarai. Gwada daga Accra tun da wuri ka ga abin da manhajar za ta ce maka. Idan ta hana, wannan wani dalili ne na sauka da kwana ɗaya ko biyu kafin ranar farko.

Idan kuɗin ya yi yawa, kuma ga mutum shida yana da yawa, akwai hanyar talaka: ku kasance a ƙofa minti 45 kafin buɗewa, ku nufi lilo mafi dogon layi kai tsaye, ku huta da rana, ku dawo da yamma. Mu da muka saba tashi asuba wannan ba wahala ba ce. A Paris sunan layin gaggawar nasu Premier Access, a Universal Express Pass, duk na kuɗi ne.

Gidajen abinci na zama a Disney World tun saura kwana 60 ake kama tebur.

9. Idan rana ta canza

Tikitin Disney World ba a mayar da kuɗinsa, ba a kuma ba wani bayan an fara amfani da shi, amma ana canza masa rana. Yi hakan kafin ranar farko ta iso. Idan sabuwar ranar ta fi tsada ka cika, idan ta fi arha ba a ba ka canji. Idan wa'adi ya wuce ba a taɓa shi ba sam, kada ka yar da lambar: ana iya zuba darajarsa cikin sabon tikiti.

Na Paris mai rana, idan daga hannunsu ka saya, ana iya soke shi har saura kwana uku. Wanda ka saya ta hannun dillali, dokar dillalin ce ke aiki, shi za ka koma wa. Idan jirgi ne ya ɓata muku rana, karɓi takardar shaida daga kamfanin jirgin kafin ka bar filin, ka kai ta ofishin kula da baƙi da ke bakin ƙofa. Ba dole ba ne su taimaka, amma magana mai taushi da takarda a hannu sun fi faɗa.

10. Ranar shiga

Tafi da katin da aka biya da shi da shaidar kowane babba. Disney World na barin a shiga da abinci da ruwa, banda kwalbar gilashi, kuma wannan na rage kuɗi ƙwarai tare da sauƙaƙa maganar halal. A can za ka sayi kayan haɗin, kada ka ɗauko kilishi daga gida: Amurka da Turai duk ba sa barin a shigo da nama, shito da gari ma ka bayyana su ga kwastan. Tsabar kuɗi idan ta wuce dala 10,000 a Amurka, ta iyali gaba ɗaya ake lissafawa, dole a bayyana ta.

Maganar sallah, sa ƙaramar darduma a jaka, ka tambayi ofishin kula da baƙi wurin da ba hayaniya. Sauke lokutan sallar garin, don mun saba magariba wajen ƙarfe shida duk shekara, a Paris kuwa a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare. Hukuncin kasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka kafin ku tashi.

Idan akwai jariri, gaya wa ma'aikacin bakin layi kuna son musayar hawa: uba ya hau da manyan yara, uwa ta jira da ƙaramin, sannan ita ma ta hau ba tare da sake bin dogon layi ba. Rubuta lambar wayar da ke aiki a can a takarda ka sa a aljihun kowane yaro, ka nuna musu irin bajen sunan da ma'aikata ke maƙalawa a ƙirji, ka ce duk wanda ya ɓace wurin mai irin wannan zai je ya miƙa takardar.